Yadda ake gano matsalar birkin tsohuwar akori-kura da yadda ake gyara shi

Yawancin masu tsohuwar akori-kura idan suka shiga gareji magana ɗaya suke yi, wai birki ba ya ci, kuma sau da yawa kafin a ɗaga mota ma an riga an aiki yaro kasuwa ya sayo sabon masta, wato silindar da take tura man birki zuwa tayoyi. Wannan gaggawar ce take cinye kuɗin mutane, domin rashin cin birki yana da sababai da dama waɗanda ba su da alaƙa da juna, kuma kowanne yana da alamarsa da ƙafar direba take ji tun kafin a kwance noti ko ɗaya. Zan ɗauki Toyota Hilux ƙirar 1988 zuwa 1997 a matsayin misali, domin har yau ita ce take jigilar buhuna da mutane a kasuwannin ƙauye, kuma tsarin birkinta, wato dis (faifan ƙarfe) a gaba da diram (gangar ƙarfe) a baya, shi ne na mafi yawan motocin ɗaukar kaya na wancan zamani.

Sai an fahimci yadda ƙarfin ƙafa yake isa ga taya sannan bincike yake yin ma'ana. Idan direba ya taka birki, sandar da ke bayan fedar tana shiga busta, wato baƙin kaskon nan da ke manne da jikin mota a cikin bonet, shi kuma ya ninka ƙarfin ta hanyar zuƙar iska, ya tura fistin ɗin masta. Masta yana matsa man birki cikin fayif, man ya isa kalifa, wato ƙarfen da ya rungumi dis, a gaba ya matse fad, wato takalmin birki, a jikin dis, a baya kuma ya isa ƙaramar silinda ta buɗe layinin, wato takalmin birkin baya, ya rungumi cikin diram. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, kuma a kan wannan bambanci aka gina duk abin da zai biyo baya.

Abin da ƙafa take faɗa

A fara da mota a kashe a kan fili mai daidaito. A taka birki sau biyar ko shida har sai zuƙar iskar da ta rage a busta ta ƙare feda ta yi tauri, sannan a ɗora ƙafa a kai da matsakaicin ƙarfi a riƙe kamar rabin minti, a lura.

Idan fedar tana sulalewa ƙasa a hankali alhali ƙafa ba ta ƙara ƙarfi ba, mai yana guduwa ta wani wuri. Ko dai yana tsiyaya waje, ko kuma robobin cikin masta sun gaji mai yana zagaye su yana komawa baya. Hanyar rarrabewa ita ce duba kofin man birki da ke kan masta: idan mai yana raguwa kwana bayan kwana, yoyo ne, a nemo shi. Idan mai yana nan cike amma feda tana nutsewa, musamman a tsaye a danja da ƙafa a kai sama-sama, to a wannan karon masta ne da gaske. Akwai yoyon da yake ɓuya, kuma ya kamata a san shi: robar ƙarshen masta takan saki mai ya zuba cikin busta, ƙasa ba ta jiƙe ba amma kofi yana raguwa. A kwance notunan biyu ko huɗu da suka riƙe masta, a ja shi gaba kaɗan, idan bayansa a jiƙe yake ko fentin busta ya kwaile a ƙasa, an gano wurin.

Idan fedar tana da taushi kamar an taka katifar soso, kuma tana ƙara tauri idan an yi famfo sau biyu ko uku, iska ce ta shiga layi, ko kuma wani tiyon roba ya ruɓe yana kumbura duk lokacin da aka taka. Idan kuwa fedar tana tafiya nesa sosai kafin ta kama, amma da ta kama sai ta yi tauri sosai, mafi yawan lokuta layinin baya ne ya yi nisa da diram yana bukatar saiti. Wannan yanayin na ƙarshe shi ne wanda aka fi yi wa kuskure, kuma na sha ganin an canja masta sau biyu a mota ɗaya alhali abin da take so bai wuce minti ashirin na saiti da sukudireba ba. Gwaji mai sauƙi shi ne a ja birkin hannu zuwa rabi sannan a sake taka feda. Idan ta taso sama, saitin baya ne.

Yanzu, ƙafa na kan feda, a tayar da inji. Fedar ya kamata ta ɗan sauka kaɗan da kanta, alamar busta ya fara aiki. Idan ba ta motsa ba, kuma a kan hanya sai direba ya miƙe tsaye a kan birki kafin mota ta tsaya, to zuƙar iska ba ta isowa. A motar fetur tiyon busta daga manifol yake zuwa, a duba ko ya tsage ko ƙaramin bawul ɗin da ke jikinsa ya lalace. A motar dizal mai inji 2L ko 3L kuwa akwai ƙaramin famfon zuƙar iska a bayan altaneta, kuma shi ne yake ciyar da busta. Wannan yana nufin idan bel ɗin altaneta ya saki ko ya tsinke, birki ma yana yin tauri tare da tafiyar caji, abin da direbobi da yawa ba su sani ba sai ranar da ya same su. A zare tiyon daga busta inji yana aiki, a toshe bakinsa da babban yatsa. Idan bai kama yatsan da ƙarfi ba, laifin na famfo ne ko na tiyo, busta ba shi da laifi.

Man birki

A buɗe kofin a kalli launin man. Sabon mai garai yake kamar man gyaɗa da aka tace, tsoho kuwa yakan koma kalar baƙin shayi. Man birki yana shan danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya sha yana yin ɓarna iri biyu: yana cin cikin silinda da tsatsa, yana kuma saukar da zafin da man yake iya jurewa. Ƙa'idar DOT 3, wato ajin man birkin da aka rubuta wa waɗannan motoci, ita ce sabon mai kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma idan ya sha ruwa iyakar takan sauko zuwa 140. Ga DOT 4 kuwa 230 ne da 155. Wanda ya taɓa saukowa Hawan Kibo, doguwar gangarar nan ta hanyar Jos, da cikakken lodi yana kan birki tun daga sama zai gane muhimmancin waɗannan lambobi, domin da man ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa yana matsuwa, feda ta tafi ƙasa babu komai, sannan bayan mota ta huce birki ya dawo kamar ba abin da ya faru. Duk motar da ta yi haka a canja mata mai gaba ɗaya, kuma direba ya koyi saukowa gangara da giya mai ƙarfi, wato ta ɗaya ko ta biyu. A ganina shekara biyu ta ishi kowane man birki.

Ana iya haɗa DOT 3 da DOT 4, amma DOT 5 na silikon ne, ba ya haɗuwa da su. Abin da ya fi wannan muni shi ne zuba man inji, man giya ko man sitiyari a kofin birki, domin duk robar da ke cikin layin za ta kumbura ta lalace, kuma alamar farko ita ce robar murfin kofin ta yi girma ta ƙi komawa wurinta. Idan haka ta faru babu gajeriyar hanya, sai an canja kowace roba da kowane tiyo. Ruwan omo da wasu suke zubawa idan mai ya ƙare musu a daji shi ma ba abin da za a bari ya kwana a mota ba ne. Man birki yana cin fenti, saboda haka idan ya ɗiga a jikin mota a wanke da ruwa nan take.

Ɗaga mota da duba gaba

A sa weji a tayoyin da za su zauna a ƙasa, a sassauta notunan taya kafin a ɗaga, sannan bayan an ɗaga a ɗora shasi a kan ƙarfen tokare ko katako mai kauri. Jak na ɗagawa ne kawai, ba a shiga ƙarƙashin motar da take kansa, kuma bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba.

Kafin a cire taya a juya ta da hannu. Ta zagaya da ɗan gogayya kaɗan; idan ta ƙi juyawa birkin yana riƙewa. A kama ta sama da ƙasa a girgiza, domin boris da ya saki yana sa dis ya yi rawa ya tura fistin baya, feda ta yi nisa a takun farko, a yi ta zargin iska alhali babu ita. Bayan an cire tayar a duba kaurin fad. Iyakar da Toyota ta sa ita ce milimita 1, amma motar da take ɗaukar kaya ba na son ta sauka ƙasa da 3. Yadda fad ya cinye ya fi kaurinsa ba da labari. Idan na ciki ya ƙare na waje yana nan, ko ɗaya ya cinye a karkace, to kalifa ba ya motsi daidai. A motoci masu ja da tayoyin baya kaɗai kalifan yakan zama mai fistin ɗaya da yake zamewa a kan sanduna biyu, sai a zare sandunan a goge tsatsa a shafa giris na birki, wanda ba ya cin roba. A masu ja da ƙafa huɗu kuwa kalifan a kafe yake da fistin huɗu, kuma abu ne da aka saba gani ɗaya ko biyu su maƙale saboda laka da ruwan rafi sun shiga ta yagaggiyar roba. A tura kowane fistin baya a hankali. Wanda ya ƙi komawa a fitar da shi, idan jikinsa ya yi ramukan tsatsa a canja shi, domin samfefa ba ta mayar da shi sumul kuma zai yanke sabuwar roba cikin 'yan makonni.

Motar da take fizgar sitiyari gefe ɗaya idan an taka birki tana karkata ne zuwa gefen da yake ci, saboda haka a nemi laifin a ɗaya gefen, bayan an tabbatar iskar tayoyin daidai take. Idan kuwa taya ɗaya ce take riƙewa tana zafi har ana jin ƙauri, akwai gwajin da yake raba gardama: a taka birki a saki, a buɗe ƙaramin notin fitar da iska na wannan kalifa. Idan mai ya fito da ƙarfi taya ta saki nan take, tiyon roba ne ya ruɓe ta ciki, yana barin mai ya shiga yana hana shi komawa, kodayake daga waje lafiya lau yake. Idan ba ta saki ba, fistin ne ya maƙale. Idan dukan tayoyin ne suke riƙewa bayan an yi tafiya mota ta yi zafi, a duba wasan feda, wanda ya kamata ya kasance milimita 3 zuwa 6 kafin a ji ta fara turawa. Idan babu wasa, fistin ɗin masta ba ya komawa ƙarshe, ya rufe ƙaramin ramin da mai yake komawa kofi ta cikinsa.

Dis kuma a shafa shi da yatsa a ji ko ya yi kwari ko baki mai tudu. Mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi yana rubuce a jikinsa, a auna a gwada. Rawar feda da ta sitiyari lokacin taka birki da gudu daga dis marar daidaito take zuwa. Fad kuwa ana canja na hagu da na dama tare, ko da ɗaya yana da saura.

Diram na baya

Nan ne aikin yake da cin rai, kuma nan ne aka fi yin sakaci. A saki birkin hannu, a buga gefen diram da guduma a hankali don tsatsa ta saki. Idan ya ƙi fitowa, yawanci layinin ya ci rami a cikinsa ya bar baki, sai a cire ƙaramar robar da ke bayan farantin da layinin yake zaune a kai, a tura sukudireba a ɗaga harshen da ke riƙe da haƙoran saiti, a juya su baya har layinin ya tsuke. A fuskar diram akwai ramuka biyu masu zare da ake ɗaura noti a ciki ya turo shi waje, amma kada a yi amfani da su sai an sassauta saitin, in ba haka ba za a lanƙwasa ƙusoshin da suka riƙe layinin.

Ƙurar da ke cikin diram ba a hura ta da baki ko da iskar kwamfiresa. Tsofaffin layinin, da wasu masu arha da ake sayarwa har yanzu, suna iya ƙunsar asbestos, wanda yake lalata huhu a hankali cikin shekaru. A jiƙa ta da ruwa a goge da tsumma, kuma wannan magana ta fi shafar yaran gareji waɗanda su ake ba wa aikin kullum.

A ɗaga robar da ke kowane gefen silindar baya da bakin sukudireba. Idan mai ya taru a ciki, silindar ta fara yoyo. A duba launi da warin abin da ya jiƙa wurin: man birki garai yake kuma ruwa yana wanke shi, man aksul kuwa baƙi ne mai kauri da wari mai ƙarfi, kuma idan shi ne, sil ɗin aksul ne, wato robar da take tare mai, ya mutu, dole a zare shaf a canja shi, a kuma duba ƙaramin bututun numfashi da ke saman aksul ko laka ta toshe shi, domin toshewarsa ce take tura mai ta cikin sil. Layinin da ya sha mai ya gama aiki. Wanke shi da fetur ko ƙona shi a wuta yana busar da samansa ne kawai, da ya yi zafi a hanya man da ke ciki zai sake fitowa.

A kwance gefe ɗaya a bar ɗayan a haɗe don ya zama abin kallo, ko a ɗauki hoto da waya, saboda sifirin ɗin suna da yawa kuma sandar saiti ta hagu da ta dama ba ɗaya ba ce. A wanke zaren sandar saiti har ta juya da yatsa, a ɗiga giris kaɗan a wuraren da ƙarfen layinin yake gogar faranti, a kiyaye kada ya taɓa fuskar layinin. Bayan an mayar da diram a juya haƙoran har a ji layinin ya fara shafar sa, a taka feda sau da yawa don ya zauna tsakiya, a sake saitawa, sannan a koma baya kaɗan har taya ta zagaya ba riƙewa. Sai bayan wannan ake taɓa wayar birkin hannu. Masu ɗaure wayar don su rufe nisan layinin suna jawo birki mai riƙewa da feda mai nisa a lokaci guda.

Akwai wani bawul a jikin shasi kusa da aksul na baya, da doguwar sanda da ta haɗa shi da aksul ɗin. Aikinsa shi ne auna lodi: idan mota babu kaya ya rage ƙarfin birkin baya don kada tayoyin su kulle mota ta juya, idan an yi lodi bayan ya sauka sai ya ƙara. Waɗanda suka ƙara wa motarsu sifirin don ɗaukar kaya sun canja tsayin bayan, saboda haka bawul ɗin yana ganin mota babu kaya alhali tana ɗauke da buhu ashirin. Idan sandar ta karye ko an ɗaure ta da waya, a gyara ta a saita. A wannan wurin ne kuma ake samun abin da na fi ƙi a duk harkar, wato fayif ɗin baya da aka daddatse da guduma ko aka toshe da ƙusa don a tsayar da yoyo. Motar da aka yi wa haka da birkin gaba kaɗai take tafiya, kuma ranar da ta ɗauki mutane ta nufi gangara babu wanda ke cikinta da ya san haka. Fayif da ya yi tsatsa a canja shi da na birki na asali mai ninkin baki biyu. Ba a yi masa walda, ba a kuma haɗa shi da tiyon fetur.

Fitar da iska

Idan sabon masta aka saka, a fitar da iskarsa tun kafin a ɗaura masa fayif: a cika kofin, a tura fistin a hankali, a toshe ramukan da yatsu kafin a sake shi, a maimaita har mai ya fito babu kumfa. Notunan fayif lamba 10 ne kuma masu laushi, a kama su da sifana mai zagaye baki da tsaga, domin sifana ta yau da kullum tana murje su.

Aikin na mutum biyu ne. A fara da tayar da layinta ya fi tsawo daga masta, a gama baya kafin a zo gaba, bawul ɗin lodi kuma, wanda yake da nasa notin fitar da iska da ake yawan mantawa, a yi shi a ƙarshe. A sa siririn tiyo garai a bakin notin, ɗaya ƙarshen a cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka sau uku a hankali ya riƙe ya ce ya riƙe, na ƙasa ya buɗe notin kwatan zagaye ya rufe, sannan ya ce a saki. Idan aka saki feda kafin a rufe, iska ta koma. A tsohon masta yana da kyau a sa ɗan katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa, saboda ƙarshen silindar da fistin bai saba zuwa ba yakan tara tsatsa, ta yanke robar da take lafiya. Bayan kowane buɗewa huɗu ko biyar a leƙa kofi a ƙara mai daga sabuwar kwalba, domin idan ya ƙafe an koma farko. Man da ya fito ba a mayar da shi. Idan an yi ta fitar da iska feda ta ƙi tauri bayan an canja kalifa, a duba ko an musanya na hagu da na dama, domin notin fitar da iska dole ya kasance a sama.

Kafin mota ta motsa ko taku ɗaya a yi famfon feda har ta yi tauri, saboda fistin ɗin da aka tura baya sai ya dawo ya taɓa fad, kuma takun farko babu birki ko kaɗan. A ɗaure notunan taya a gicciye, a sauke mota a ƙara ɗaurewa. A gwada a fili marar mutane da gudun tafiyar ƙafa, sannan a hau hanya a yi tsayawa takwas ko goma daga kilomita 50 a sa'a zuwa kusan tsayawa, da tazara a tsakani, don sabon fad ya zauna a jikin dis. A dawo a kai hannu kusa da kowace taya ba tare da taɓa ƙarfen ba. Wadda ta fi 'yar'uwarta zafi tana riƙewa, wadda ta yi sanyi ƙalau ba ta ci. A shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota ta kwana, a sa alama a jikin kofin mai, da safe a duba kwalin da alamar kafin a ɗora mata kaya.